Keken Sufyanu da Farar Ƙaya

Shekara goma sha huɗu muna maƙwabtaka da Sufyanu a Tungar Isa, kuma cikin shekarun nan ban taɓa ganin haƙoransa ba sai in yana cizge ƙaya daga tayar keke da su. Mutum ne dogo, siriri, wuya kamar na zalɓe, fuska kullum a murtuke kamar an tashe shi daga barci an ce ya bi jaki. In ka gaishe shi yana amsawa, amma ta hanci. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, ba ni iya ganin mutum ya ɗaure fuska in wuce. Ga shi darni ɗaya ya raba gidana da nasa.

Ba ɗan tungarmu ba ne. A Anka anka haife shi, ubansa mai gyaran fitila da tocila ne a bakin kasuwa, don haka ya tashi hannunsa cikin baƙin mai, bai san riƙon gatari ba balle na hauya. Aure ya kawo shi nan. Ya auri Ummukulsum, Innarta ta tsufa ta ce ba mai ɗaga ta daga ɗakin da ta yi haihuwa a ciki, sai ya tattaro komatsansa ya zo ya zauna gidan surukai, ya kuma ɗora mana laifin hakan. Tun ranar da ya sauka yake ce mana ƙauyawa. Tsohuwar ta rasu shekara tara ke nan, gida ya zama na matarsa, bai koma Anka ba, bai kuma daina ce mana ƙauyawa ba.

Aikinsa a Gummi yake. Shi ke tsaye kan injin niƙan wata Hajiya Zinatu a bayan kasuwa, niƙa da markaɗe. Zan faɗi gaskiyarsa ko ba ni so: ya iya inji. In kukan inji ya canza, kafin ya mutu Sufyanu ya san inda ke masa ciwo. Mata na yabon garinsa, sun ce ba shi barin tsaki. Makullin ɗakin injin yana rataye a wuyansa da wata igiyar takalmi, ba shi cire shi ko a masallaci. In ya yi ruku'u sai ka ji ƙwal, ya bugi maɓallin riga. Ba shi da gona, ba shi da ko tinkiya. Makullin nan shi ne gonarsa, shi ne rumbunsa, shi ne kuma abin da yake ɗaga mana hanci da shi.

Keken nasa baƙi ne, na gadon uba, irin mai ƙarfe a tsakiya da faffaɗar kariya a baya. Sirdin ya mutu tuntuni, ya naɗe shi da tsumma da yagaggen buhu. Ƙarƙashin sirdin yake rataye wani tsohon gwangwanin madara, nan asibitin keken yake: sholisho, yankakken tsohon tib, guntun zarto na kankare bakin huji, da cokula biyu da ya ɗauke wa Ummukulsum don ɓamɓare taya. Famfo kuwa a baya yake soke shi cikin ɗamara kamar mai zuwa farauta. In taya ta sace a hanya ba shi neman ruwa ya tsoma tib ya ga kumfa kamar yadda masu faci ke yi. Hura shi yake, ya bi shi da leɓe har ya ji inda iska ke fita, ya tofa miyau ya tabbatar. Na taɓa ce masa yadda yake sumbatar tib ɗin nan, da Ummukulsum ta gani da ta yi yaji. Wata guda bai amsa mini gaisuwa ba, ko ta hancin.

Hanya biyu ke kai mutum Gummi daga wurinmu. Akwai ta mota mai zagaye, wadda in ka bi da keke sai hantsi ya dubi ludayi. Akwai kuma 'yar turba da ta ratsa gefen gonaki ta gangara korama, ta haye ta haɗe da titi. Ita Sufyanu ke bi. Ni ma ita nake bi da ƙafa zuwa lambun albasata a bakin koramar. Da rani, bayan an kwashe amfanin gona, ba mai bin ta sai mu biyu, da tumakin da ake korowa shan ruwa rijiyar tunga. Tun da daji ya lalace ba mai fita sai gari ya waye an ga fuskar juna, ba kuma mai yarda rana ta faɗi yana waje. Saboda haka lokacin Sufyanu a matse yake. In ya fita da wayewar gari ya taka ba tsayawa, zai tarar masu ƙosai da masu awara na sauke robobinsu a ƙofar inji. In ya yi faci ɗaya, zai tarar suna tsaki. In biyu ne, sun kwashe sun tafi injin gaba.

Da can faci bai dame shi ba. Sau ɗaya a wata, in ya yi yawa sau biyu, tsidau ko wata tsatsattsiyar ƙusa. Rigimar ta fara ne da ranin bara, kuma akuyata ce ta buɗe ta.

Akuyar ja ce, da ciki. Ta samu ɓaraka a darni ta shiga gidansa, ta cinye zogale bakwai da ya dasa bayan ɗaki. Ta gama ta hangi tib rataye kan darni yana shan iska bayan faci, ta tauna shi shi ma ta yar. Da ya ɗago shi ya nuna mini ta saman darni, abin da ya kamata in ba shi haƙuri. Na yi niyya, wallahi. Amma da na ga yadda ya riƙe shi da yatsa biyu kamar mushen maciji, sai dariya ta riga haƙurin fitowa. Na ce masa ai akuyar taimakonsa ta yi, tib ɗin nan faci ya fi roba yawa a jikinsa, har ya kamata a yi masa sutura tun bara. Nan ya rantse, mata na ji, cewa zai yi shingen ƙaya tsakanina da shi mai tsawon da ba zai ƙara ganin ko saman hulata ba. Na ce to madalla, ni kuma zan nemo hula mai tsawo.

Ga inda ɗan birni ya nuna kansa. Duk wanda ya tashi a tunga ya san yadda ake shinge. Ɗanyen reshe ake sara, lokacin ƙayar na riƙe da jikinsa, a tara, a cake da sanda mai baki biyu a ɗaga sama da kai, ko a loda a amalanke. Ba a jan ƙaya a ƙasa inda ƙafa ke bi. Sufyanu bai tambayi kowa ba, wa zai tambaya cikin ƙauyawa? A bakin korama akwai itatuwan farar ƙaya manya guda biyar ko shida. Nan Baffa Gidaɗo, wani dattijon Bafillace mai ruga a tsallaken koramar, yake sassaro wa tumakinsa rassa da rani. Dabbobi su cinye ganyen, rassan su bushe a yashe. Sufyanu ya ga an sare masa kaya, ba gatari ba gumi. Kullum in ya dawo daga Gummi da la'asar sai ya ɗaure uku ko huɗu a kariya da tsohon tib, ya kama kan keke yana turawa da ƙafa, rassan na biye da shi suna sharar turba har ƙofar gida. Yana tafe yana ɗaga kai, shi ga mai dabara.

Busasshen reshen farar ƙaya kuwa ba shi riƙon ƙayarsa. Ko jifa ka yi da shi zubarwa yake, balle a ja shi a kan turba tafiyar minti ashirin.

Bayan kwana biyu faci ya fara. Ba kuma faci na wasa ba. Ya fita daga gida bai kai gona ta uku ba, taya ta yi fus. Ya sauka ya kifa keke, ya ɓamɓare, ya sumbata, ya kankare, ya shafa sholisho, ya jira ya sha iska, ya manna, ya buga famfo. Ya hau, kafin ya kai korama tayar baya ta ce ita ma ga ta. Daga korama zuwa Gummi kuwa lafiya lau, ko ƙaya ɗaya. Da yamma in yana dawowa ma lafiya, tunda tura keken yake ba nauyi a kansa, ga rana yana ganin gabansa. Da safe ne, cikin duhu-duhun wayewar gari, yake hawa da duk tsawonsa ya taka abin da ya shuka jiya.

Ni na gane tun kwana na uku. Ƙaya ta huda takalmina na taya, na zare na ga fara ce tas, doguwa kamar basilla. Na duba turba na ga sawun jan rassa layi-layi, ƙayoyi kwance a ciki, wasu rairayi ya rufe gindinsu sun ɗaga tsini sama suna jira. Na yi dariya har sai da na dafa gwiwa. Ba ni kaɗai na gane ba, duk wanda ya gan shi yana shigowa tunga da kayansa ya gane. Amma mutumin da ya shekara goma sha huɗu yana ce muku ƙauyawa, wa zai ɓata yawunsa? Ummukulsum kaɗai ta gwada. Da ta ga sawun a ƙofar gida ta ce masa a nan ba a jan ƙaya. Ya ce ta kula da tukunyarta, ta bar masa abin da ya shafi ƙarfe.

Sai ya zama kullum da safe ina da abin kallo a hanyar lambu. Zan iske shi tsugune, keke a kife ƙafafu sama kamar mataccen jaki, cokali a baki.

"Sannu da hutawa, Direba. Har an iso Gummi?"

Bai ɗago ba.

"Garin ya canza hwa. Ba kasuwa, ba inji, sai karan dawa."

"Wuce ka ba ni wuri, ɗan ƙauye."

"Wurin duk naka ne. Kai ka yini nan."

Wata rana na kawo masa tabarma na ce ya ajiye a gindin wata sabara, tunda nan ya mayar ofis. Ya wurga mini ita har ta faɗa gonar mutane. Wata rana kuma na tsaya ina ƙirga masa bugun famfo da ƙarfi, na kai arba'in da ɗaya ya taso mini da famfon, na yi gaba. Ba zan ce na kyauta ba. Amma kowace yamma ina zaune a tsakar gidana ina jin yana kakkafa rassa a jikin darni, yana faɗa da ƙarfi don in ji, wai saura kaɗan ya huta da ganin baƙar fuska. To a hakan zan tashi in kai masa magani?

Ba irin dabarar da bai yi ba. Ya yanka tsohuwar taya ya cusa cikin sabuwa, ya yi wa tib riga biyu. Farar ƙaya ta huda rigunan duka ta gaida tib. Ya cire tib ɗin gaba ɗaya ya cusa tsummoki da busasshiyar ciyawa. Ranar ya isa Gummi ba faci, amma keken na tafiya kamar tsohon raƙumi, ya isa azahar ta kusa, bayansa ya riƙe kwana biyu. Ya nemi ya riƙa fita tun kafin gari ya waye, masu gadin tunga sunka ce ba su buɗe wa kowa hanya, ko da inji goma yake tayarwa. Ya gwada hanyar mota, ya isa ya tarar ƙofar inji wayam. Duk wannan bai hana shi jawo rassansa da la'asar ba. Shinge ya kai ƙugu.

Mako uku ana haka. Ran wata Alhamis mai ɗakina ta dawo daga wajen Ummukulsum, don su mata rigimarmu ba ta hana su aron turmi ba, ta ce ta bar ta tana kuka. Hajiya Zinatu ta zo injin da kanta, ta tarar da shi a kulle rana ta take, masu ƙosai sun koma wani wuri har biyu daga cikinsu sun ce ba su dawowa. Ta zauna kan benci ta jira shi. Da ya iso, hannu duk sholisho, ya fara ba ta labarin taya, sai ta tare shi.

"Sufyanu, ni ba keke na ɗauka aiki ba, kai na ɗauka. Gobe Juma'a ba mu buɗewa. Jibi in masu ƙosai sunka riga ka barin ƙofar nan, ka rataye mini makullina a ƙusa."

An ce ƙanen mijinta na nan yana jira, shi kuma a cikin garin yake kwana.

Na ji wani abu a raina, ba zan ɓoye ba. Na ce gobe bayan masallaci zan faɗa masa ta saman shingen, ya ji ko kar ya ji. Ashe shi ma ya kwana da ni a ransa. Ran Juma'a da la'asar sai ga saƙo wai Magaji na kirana.

Magaji shi ne mai unguwarmu, tsoho ne, kunnensa ɗaya ya mutu, kuma ya iya aiki da shi. In ba shi son maganarka sai ya juyo maka mataccen. Na iske zaurensa cike, Sufyanu na tsaye a tsakiya da gwangwaninsa. Ya buɗe ya zazzage a kan tabarma. Ba sholisho ba cokali, ƙaya ce zalla, farare, duk wadda ya cizge daga tayarsa cikin mako uku ya adana. Ya yi bayani kamar lauya. Ya ce a duba, tsakanin korama da tunga babu farar ƙaya ko ɗaya a tsaye, to ƙafa ta yi ta zo? Wani ke kawo ta. Ya ce bai taɓa faci da yamma ba sai da safe, ke nan bayan ya shige gida ake zuba masa. Ya ce kuma wa ke bin turbar nan kullum, wa ke tsayawa kansa yana dariya, wa ya kawo masa tabarma tun kafin ya san zai daɗe a wurin? Ya zaro cokali daga aljihu ya nuna ni da shi. Ya ce so nake a karɓe makullinsa ya dawo ɗan ƙauye irina, kuma ba shi barin zauren sai na dafa Alƙur'ani.

Magaji ya juyo mini kunnen mai rai.

"Nafi'u, mi ka ce?"

Nan ne ya kamata in yi magana a hankali. Na sani. Amma zaure cike da mutane, ga shi ya kira ni mugu a gabansu.

"Baba, gaskiya ya faɗa. Akwai mai zuba ƙayar nan, kullum da la'asar nike ganinai. Dogo ne, baƙin keke gare shi, da makulli a wuya."

Wani daga baya ya kasa riƙe dariya, sai kowa ya fashe. Na yi bayanin busasshen reshe da sawun da ke kan turba, na ce duk mai shakka ya tashi mu je yanzu rana ba ta faɗi ba. Sufyanu ya yi fari kamar ƙayar tasa. Ya ce ƙarya ce irin ta ƙauyawa.

"Rassan a bayan keke suke. Abin da ke bayan keke ta ina zai huda tayar gaba?"

"In ka juyo da safe, Direba, bayan naka ina yake komawa?"

Ana cikin wannan sai ga Baffa Gidaɗo ya yi sallama, sanda a kafaɗa. Ba kiransa anka yi ba, tasa ƙarar ya kawo. Tumakinsa uku na ɗingishi, ya cire musu farar ƙaya daga kofato. Ya ce ya daɗe yana ganin mutumin nan na jan ƙaya a kan turbar da yake bi zuwa rijiya, ya ɗauka da gangan ne, ana so a rufe masa hanyar ruwa ba tare da an faɗa masa a fuska ba. Ya yi shiru mako uku, har ya fara zagayawa da dabbobinsa ta nesa, don zamanin nan ƙaramar magana tsakanin ruga da tunga ba ta tsayawa ƙarama. Yau dai ya ce bari ya zo ya ji ko shawarar gari ce. Da anka gaya masa shinge ne ake yi wa akuya, ya daɗe yana kallon Sufyanu.

"Kaɗo, da ka tambaye ni da na ara maka gatari."

Dariya ta ɗauke a zauren. Magaji ya ba dattijon haƙuri da bakinsa, ya ce ba shawarar kowa ba ce, wauta ce ta mutum ɗaya. Ya sa a share ƙofar zaure, ya ce a ɗauko reshe ɗaya daga shingen Sufyanu ya ja a gaban kowa a gani. Sufyanu ya ce shi ba jaki ba ne da za a sa shi ja ana kallo. Ya ce har yanzu rantsuwa yake jira. Na ce a kawo in dafa. Magaji ya ce ba a ɗauko Littafin Allah kan akuya da keke. Ya yanke cewa daga yau ba mai ƙara jan ƙaya a turba. Juma'a mai zuwa ni da Sufyanu mu share ta tun daga tunga har korama. Ni kuma kar in ƙara yi masa magana a hanya, ko gaisuwa.

Sannan ya juyo kaina. Ya ce ni na fi Sufyanu laifi, don shi bai sani ba ni na sani, na zuba ido mako uku abincin gidan maƙwabcina na zubewa ina ƙirga bugun famfo. Ya ce da Gidaɗo ba mai haƙuri ba ne da dariyata ta jawo wa tunga abin da ba ta iya ɗauka. Na buɗe baki zan kawo maganar hula da shinge, sai ya juyo mini mataccen kunnen.

Saura Asabar. Turba na nan cike da shukar mako uku, shara sai wata Juma'a, hanyar mota ba ta kai shi kan lokaci. Na fito da wayewar gari da butar ban ruwa, ina cewa yau zan ga yadda ɗan Anka zai yi. Sai ga shi ya fito daga gida, ya tsaya a bakin turba yana kallon ƙasa. Ya daɗe. Sannan ya cire hularsa ya naɗe ta gammo, ya sunkuya ya ɗaga keken cak ya aza a ka, kamar yadda matanmu ke ɗauko itace. Ya kama hanya da sauri, tayoyi na juyawa a sama su kaɗai, gwangwani na kaɗawa, makulli na bugun ƙirji.

Ina biye da shi taku goma a baya. Na riƙe bakina har gona ta uku. A gindin sabarar nan da ya saba zama ne abin ya fi ƙarfina. Magaji ya hana ni magana da Sufyanu, bai ce komai kan keke ba.

"Sannu keke. Shekara talatin kana ɗaukar mutum, yau dai Allah ya kawo ranarka."

Wuyansa ya motsa, keken ya yi tangal-tangal, amma bai juyo ba. Ba shi da lokacin juyowa. A bakin korama ya sauke, ya matsa tayar gaba da babban yatsa, ya matsa ta baya, duka tauri. Ya hau ya taka ya haye, ban taɓa ganin keken nan ya yi gudu irin na ranar ba. Da yamma ya dawo ba rassa, makulli na wuyansa. Mai ɗakina ta ji daga Ummukulsum cewa ya iske masu awara na sauke kaya, Hajiya na zaune kan benci da ƙanen mijin nata a gefe. Da ta gan shi ta tashi ta tafi gida.

Kwana shida yana ɗaukar keke a ka. Ran Juma'a munka fita shara. Bai yarda mu fara wuri ɗaya ba, ya tafi korama ya faro daga can, ni na faro daga tunga, kowa da tsintsiyar kaba. Munka yi ta matsowa har ya rage kamar taku goma sha biyar tsakaninmu. Ya tsaya, na tsaya. Ya ce sauran nawa ne tunda ni na zuba. Na nuna masa bakina da yatsa, alamar an hana ni magana. Ya saɓa tsintsiyarsa ya ratsa ta cikin gona ya tafi gida, ni ma na saɓa tawa.

Faci ya koma yadda yake da can, sau ɗaya a wata. Kuma ka san abin da yake faɗa wa mata a bakin inji? Wai tun ranar da ya kai maƙwabcinsa gaban mai unguwa, mugun ya tsorata ya daina zuba masa ƙaya. Har akwai wata mai awara da ta gan ni a kasuwar Gummi ta tofar da yawu. Gatari kuwa bai je ya ara ba, jan busasshe an hana, don haka shinge ya tsaya a ƙugu. Kullum yana ganin hulata, har da fuskar da ke ƙarƙashinta.

Damina ta zo ta wuce, ƙayar da munka bari a tsakiyar turba ta ruɓe tuntuni, tumakin Baffa Gidaɗo na bi ta kai ba mai ɗingishi. Sufyanu dai bai yarda da wurin ba. Kowace safiya in ya iso taku goma sha biyar ɗin nan sai ya ja birki ya sauka, ya dafa makullin wuyansa, ya ɗaga keken a kafaɗa ya tsallake da shi. In ina kusa nakan gaida keken.